Kundin Aikin Auna Hanyoyin Keke a Dutsen Diablo

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Yau na soma aikin da na kusa shekara ina ɗagawa, wato rubuta cikakken bayani da Hausa a kan hanyoyin kwalta da masu keke ke bi a gandun dajin Dutsen Diablo, wanda yake hannun gwamnatin jihar Kalifoniya, gabas da San Faransisko. Tun da na tare a Walnut Creek nake ganin dutsen nan kowace safiya ta tagar ɗakin girki, kuma na sha hawansa ba tare da na rubuta komai ba, sai dai duk lokacin da wani ɗan'uwa sabon zuwa ya tambaye ni yadda hanyar take, na kan rasa abin faɗa in ban da cewa akwai wuya amma ana iyawa. Wannan amsa ba ta da amfani ga mutumin da yake so ya san inda zai tanadi ƙarfinsa da inda zai sami ruwa.

Tsayin dutsen mita 1,173 ne daga doron teku, kuma hanyoyin kwalta uku ne kawai a cikin gandun. Titin North Gate yana tasowa daga ɓangaren Walnut Creek, titin South Gate yana tasowa daga ɓangaren Danville, su biyun suna haɗuwa a wani wuri da ake kira Junction, wanda zan riƙa kira Mahaɗa a kundin nan, daga nan kuma titin Summit shi kaɗai yake ɗaukar mutum zuwa ƙololuwa. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce ba zan rubuta hukunci a kan wani yanki ba sai na hau shi sau uku a ranaku daban-daban. Kayan aikina su ne ƙaramar na'urar da ke maƙale a kan keken, mai nuna nisa da tsayi, da wani ɗan littafi da nake sakawa a aljihun bayan riga, da fensir, domin gumi yana narkar da tawadar biro.

Na fara da North Gate. Farkonsa yana yaudarar baƙo, domin bayan an wuce rumfar karɓar kuɗi, inda motoci ke biya mai keke kuwa ya wuce kyauta, hanyar takan ɗan hau ta ɗan sauka a tsakanin tuddai masu busasshiyar ciyawa, har mutum ya ɗauka haka za a ci gaba. Ainihin hawan yana somawa ne daga baya, kuma daga wajen allon da ke nuna tsayin ƙafa 1,000 ba a ƙara samun hutu na kirki sai Mahaɗa. Inuwa ƙalilan ce ƙwarai, ban kuma ga famfon ruwa ba a duk tsawon hanyar. Na isa Mahaɗa da gora ɗaya babu ko ɗigo, na cika ta a famfon da ke gefen ofishin ma'aikatan gandu, na juyo gida.

Asabar, 28 ga Satumba, 2024

South Gate a karo na farko. Na bi hanyar Iron Horse, wadda aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo, daga Walnut Creek zuwa Danville, sannan na soma ƙirga nisa daga bakin makarantar Athenian, domin daga nan masu keke suka saba ƙirgawa. Daga wurin zuwa ƙololuwa kilomita 18 ne, hawan kuma kimanin mita 990.

A nan ya kamata in bayyana ma'aunin da zan riƙa amfani da shi. Idan aka ce tudu yana da kashi 6 cikin ɗari, ana nufin a kowace mita ɗari da mutum ya ci gaba, ya tashi sama da mita shida. Idan aka raba mita 990 a kan kilomita 18, abin da zai fito kashi biyar da rabi ne, kuma duk wanda ya ga wannan adadi a takarda zai ce ai hawan mai sauƙi ne. Yau ƙafafuna suka nuna mini cewa adadin nan ba ya kwatanta ko kilomita ɗaya ta hanyar. Yankin farko, daga iyakar gandun zuwa rumfar karɓar kuɗi, yana nannaɗe da jikin dutsen, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun, kuma ya fi matsakaicin nan tsanani. Bayan rumfar sai hanya ta kwanta a wajen Rock City, inda ake da manyan duwatsun yashi da iska da ruwa suka rarake suka yi musu koguna, har ma akwai ɗan gangaren da mutum zai daina taka feda. Wannan kwanciyar ita ce take janyo matsakaicin ƙasa. Daga Curry Point kuwa hawan yana dawowa, bai kuma sake sassautawa ba sai dab da Mahaɗa.

Saboda haka na yanke shawarar cewa a littafin da zan fitar daga wannan aiki ba zan ba da adadi ɗaya ga hanya guda ba. Kowace hanya za a yanka ta gunduwa-gunduwa bisa inda yanayinta ya sauya, ko da wata gunduwar ta yi kilomita uku wata kuma rabin kilomita.

A kan hanyar dawowa, da la'asar sakaliya, na ja birki saboda wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, irin wanda ake kira tarantula, yana tsallaka kwalta a natse, yana ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya a kan garwashi. Girmansa ya kusa tafin hannun yaro. Mazan ne ke fitowa daga ramukansu a wannan lokaci na shekara suna neman mata, kuma ba su da wata illa ga mutum sai dai tsoron da suke bayarwa. Na tsaya na tare masa hanya da keken har ya shige cikin ciyawa, domin na ji ƙarar mota tana tahowa.

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Zafi ya hana aiki. Makon nan gaba ɗaya rana ta yi tsanani a yankin, na kuma yi gangancin barin gida bayan ƙarfe tara. Ban kai rabin North Gate ba na ji kaina yana sarawa, ruwan gorar ya zama kamar na shayi, sai na juya. Abin da na rubuta a littafi layi ɗaya ne, cewa wanda zai bi ta arewa daga Yuni zuwa tsakiyar Oktoba ya fito da sassafe da gora biyu. Na ƙara da cewa kada a dogara ga famfunan gandun ɗari bisa ɗari, domin ruwan na maɓuɓɓugan dutsen ne, kuma an taɓa rufe su a shekarun fari.

A wannan wata ne ake yin gasar shekara-shekara ta hawan dutsen daga makarantar Athenian zuwa ƙololuwa, wadda duk wanda ya kammala ta cikin ƙasa da awa ɗaya ake ba shi riga ta musamman. Ni ba na cikin masu wannan buri.

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Titin Summit, daga Mahaɗa zuwa ƙololuwa, kilomita bakwai ne da 'yan kai, hawansa kuma kimanin mita ɗari biyar, wato kusan kashi 7 cikin ɗari. A nan matsakaicin ya fi kusa da gaskiya, domin hanyar ba ta da kwanciya irin ta Rock City, sai ɗan sassauci a kusa da sansanin Juniper, inda ake da wurin tsayawa da kallon kwarin da ke ƙasa. Daga Juniper zuwa sama itatuwa suna gajarta, iska tana ƙaruwa, kuma mutum yana hango eriyoyin da ke saman dutsen tun da sauran tafiya, abin da ke karya zuciyar wanda ya gaji. Akwai wata kwana mai lanƙwasa sosai da ake kira Devil's Elbow, wadda daga ita saura kaɗan.

Abin da ya sa na ware wa yankin ƙarshe shafi guda shi kaɗai shi ne abin da ya same ni yau. Daga filin ajiye motoci na ƙasa, hanyar tana rabuwa biyu, ɗaya ta masu hawa ɗaya ta masu sauka, kuma ta masu hawan tana miƙewa tsaye ta haura kashi 15 cikin ɗari. Masu keke suna kiranta Bango. Tsawonta bai kai mita ɗari uku ba, amma tana zuwa ne bayan mutum ya riga ya ƙarar da abin da ke jikinsa. Na shige ta a giya mafi sauƙi, mai haƙora 34 a gaba da 28 a baya, na miƙe a kan feda, tayar gaba tana neman ɗagawa duk lokacin da na ja kan keken, numfashina yana fita da ƙara kamar zugazugin maƙeri. Ana saura 'yan mitoci keken ya tsaya cak, da ƙyar na zare ƙafa na dafa ƙasa kafin in kife. Na tura shi sauran tazarar, takalmina yana zamewa a kan kwalta, wasu yara da ke leƙowa ta kan katangar dutse suna yi mini tafi.

Laifin ba na Bango ba ne, nawa ne, domin na kashe ƙarfina tsakanin Juniper da Devil's Elbow ina bin wani saurayi da ya wuce ni. Shawarar da zan rubuta ita ce a sassauta da gangan a kilomita ta ƙarshe, a sha ruwa a filin motoci na ƙasa, a shiga Bango a zaune, kada a miƙe sai ya zama dole. Na kuma yi odar firiwil na baya mai haƙora 32, domin taka feda a tudu ya ƙara sauƙi.

Ginin da ke saman dutsen ma'aikatan Civilian Conservation Corps ne suka gina shi, a zamanin da gwamnatin Amurka ta ɗebi matasa marasa aiki bayan karyewar tattalin arziƙi ta shekarun 1930. Da duwatsun yashi na jikin dutsen aka yi shi, kuma wanda ya matsa kusa da bango zai ga ɓawon halittun teku a daskare a ciki, shaidar cewa ƙasar nan ta taɓa zama ƙarƙashin ruwa kafin motsin ƙasa ya turo ta sama. Ainihin tsinin dutsen yana cikin ginin, an bar shi a fili a tsakiyar daɓe, har mutum ya iya taka shi.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Abin da ya faru yau ya sauya mini tsarin littafin gaba ɗaya. Ina saukowa ta South Gate, ƙasa da rumfar karɓar kuɗi, a wata kwana da jikin dutse ya tare gani, sai kawai na yi kiciɓis da wata farar mota a cikin hannuna. Direban yana hawa ne, ya tarar da mai keke a gabansa yana tafiya a hankali, ya ƙosa, ya tsallake layin tsakiya domin ya wuce shi a daidai inda ba ya ganin abin da ke tahowa. Na damƙe birki biyun, tayar baya ta ja ƙasa, na raɓa ta bakin kwalta inda tsakuwa take, madubin motar ya wuce kusa da gwiwar hannuna har na ji iskarsa. Direban bai tsaya ba. Na sauka na zauna a kan wani dutse, hannuwana suna rawa, na fi minti goma ban iya riƙe gorar ruwa da kyau ba.

Mai keken da aka wuce, wani dattijo mai farin gemu, ya tsallako ya tambaye ni ko na ji rauni, sannan ya zauna tare da ni har na natsu. Shi ya nuna mini cewa irin wannan haɗuwa ta mutum uku, mai keke mai hawa da mota mai wucewa da mai keke mai sauka, ita ce ta fi jawo haɗari a dutsen nan, kuma saboda ita ce aka yi ta fafutuka har aka soma gina wuraren raɓewa. Waɗannan wurare ƴan gajerun faɗaɗawa ne na kwalta a hannun dama na mai hawa, galibi a kan kwanoni, an yi musu alama, inda mai keke zai shiga yana ci gaba da taka fedarsa, motar da ke bayansa ta wuce ba tare da ta bar hannunta ba. Wata ƙungiyar masu keke ta yankin, Mount Diablo Cyclists, ita ce ta ja gaba a wannan fafutuka, kuma yanzu akwai su da yawa a dukkan hanyoyin uku. Na sha shiga cikinsu ba tare da na yi tunanin dalilin gina su ba, wani lokacin ma, in faɗi gaskiya, ina ƙin shiga saboda kada in rasa saurin da na ɗauko.

Dokar Kalifoniya, tun daga shekarar 2014, ta wajabta wa direba ya bar tazarar ƙafa uku tsakaninsa da mai keke idan zai wuce shi. Doka ce mai kyau a titi mai faɗi, amma a hanya ƙunƙuntacciya irin wannan, direban da yake son cika tazarar ba tare da ya yi haƙuri ba, layin tsakiya zai tsallaka. Maganin shi ne ya jira, kuma mai keke ya sauƙaƙa masa jiran ta hanyar shiga wurin raɓewa da zarar ya iso shi.

Da na dawo gida na duba abin da na rubuta cikin wata biyu, sai na ga shafi goma sha ɗaya a kan hawa, sauka kuwa layi huɗu. Na auna wahala na manta da haɗari. Mai hawa idan ya gaza sauka zai yi ya tura kekensa, kamar yadda na yi a Bango, mai sauka kuwa idan ya yi kuskure asibiti za a kai shi. Daga yau kowace gunduwa za ta sami bayani biyu, na mai hawa da na mai sauka, kuma a na biyun zan lissafa kwanonin da ba a ganin gabansu, da inda tsakuwa ke zubowa daga jikin dutse, da inda kwalta ta tsage, da inda masu yawon ƙafa ke tsallakawa. Wannan yana nufin sake bin duk abin da na riga na bi.

Uwargida da ta ji labarin cewa ta yi, “Malam, littafin nan dai bai kai ranka ba.” Na yi mata alkawarin fitila mai walƙiya a gaban keken ko da rana tsaka, na kuma saya da yammar nan.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Ruwan sama tun tsakiyar mako, saboda haka aikin tebur na yi. Na jera alƙaluman hawa uku na North Gate, sai na ga na'urata ta ba da tsayi daban-daban a wuri ɗaya, bambancin wani lokaci ya kai mita ashirin. Dalilin shi ne da nauyin iska take auna tsayi, nauyin iska kuwa yana sauyawa da yanayi. Na koma ina gyara ta da allunan tsayi da ke bakin hanya, na ƙafa 1,000 da 2,000 da 3,000, in kuma daidaita ta da tsayin ƙololuwa da aka sani.

Abin ya ɗan ba ni dariya, ganin cewa ina fama da kuskuren mita ashirin a kan dutsen da aka mayar cibiyar awon ƙasa. A shekarar 1851 wani mai safiyo, Leander Ransom, ya kafa alama a ƙololuwar, kuma daga wannan alama aka ja layukan da aka auna filayen mafi yawan Kalifoniya da na jihar Nebada. Hanyoyin da nake aunawa su ma suna da tarihinsu, domin an gina su ne kafin a kafa gandun, a matsayin hanyar shaƙatawa da masu mota ke biyan kuɗi su hau, aka kammala a 1915. Wannan ya bayyana mini dalilin ƙuncinsu da yawan lanƙwasarsu: an yi su ne domin ƙananan motocin wancan zamani masu tafiyar hawainiya.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Hawa na uku na titin Summit, kuma na farko da sabon firiwil. Na haye Bango a kan keke, a zaune har kusan ƙarshe. Daga makarantar Athenian zuwa sama na ɗauki awa ɗaya da minti arba'in da huɗu, ban da tsayawar rubutu. A shekarar 2013 gasar tseren keke ta Tour of California ta ƙare wani zangonta a wannan ƙololuwa, Leopold König ya zo na ɗaya, a 2014 kuma Rohan Dennis, kuma su sun iso gindin dutsen ne bayan sun riga sun yi tafiyar fiye da kilomita ɗari.

Na sauko da wuri domin ana rufe ƙofofin gandun da faɗuwar rana, rana kuwa yanzu kafin ƙarfe biyar take faɗuwa. Bayan sallar magariba na fita bakin titi na ga fitilar da ke kan ginin ƙololuwa tana juyawa. An kafa ta a 1928 domin shiryar da jiragen sama da dare, aka kashe ta bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disambar 1941 don gudun kada ta shiryar da abokan gaba, kuma tun 1964 ake kunna ta a daren 7 ga Disamba domin tunawa da waɗanda suka mutu a harin.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Na bar gida cikin hazo mai sanyi, yatsuna sun ƙage tun kafin in kai rumfar North Gate. Abin mamaki, ina haura allon ƙafa 1,000 sai na fito daga hazon zuwa cikin rana, a Mahaɗa har na cire rigar sama, kwarin da na baro kuwa ya zama kamar an shimfiɗa masa auduga. A lokacin sanyi iska mai sanyi takan kwanta a kwari, mai ɗumi ta hau samanta, saboda haka ba a hukunta yanayin dutsen da abin da aka gani a ƙofar gida. Matsalar tana wajen dawowa, lokacin da mutum ya jiƙe da gumi, ba ya taka feda, kuma yana kutsawa cikin sanyin da gudu. Yatsun da suka ƙage ba sa jan birki yadda ya kamata. Na ƙara safar hannu mai kauri da rigar tare iska a jerin kayan dole daga Nuwamba zuwa Maris.

Yau ne na fi ganin nesa tun da na fara aikin. Ta gabas tsaunukan Sierra Nevada sun fito da farar ƙanƙara a kansu, ta yamma kuma ana hango gadar Golden Gate. Mutane suna yawan faɗin cewa babu inda ake ganin ƙasa mai faɗi haka a duniya sai Kilimanjaro, kuma na ji wani yana gaya wa iyalinsa haka yau. Maganar talla ce ta masu sayar da filaye na da, ba zan saka ta a littafin ba. Abin da yake gaskiya shi ne dutsen yana tsaye shi kaɗai a tsakanin ƙasa mai kwari, shi ya sa ganin yake da nisa fiye da yadda tsayinsa zai sa a zata.

Bayanin sauka na North Gate ya kammala. Na ƙirga kwanonin da ba a ganin gabansu sau biyu, na kuma yi alama a wani wuri da na tarar da garken talotalon daji a tsakiyar hanya, da wuraren da kurege ke yawan gilmawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Na gwada zagayen dutsen ta waje, tare da wani abokina Bakatsine da ke zaune a Concord. Mun bi ta Clayton, muka hau titin Marsh Creek, muka karkata zuwa titin Morgan Territory, muka sauka ta ɓangaren Livermore, muka dawo ta Danville. Na'urata ta nuna fiye da kilomita tamanin. Morgan Territory hanya ce siririya da a wurare da yawa mota ɗaya kawai take ɗauka, tana bin rafi a ƙarƙashin inuwar itatuwa, kwaltarta duk faci, hawanta kuma tsalle-tsalle ne, ɗan tudu mai tsanani sai kwanciya sai wani tudun. Gangaren da ke bayanta yana da tsayi da santsin gudu, ga iska tana bugowa daga gefe. Marsh Creek kuwa ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, saboda motoci suna gudu kuma gefen hanyar babu wurin raɓewa.

A saman hawan abokina ya jingina kekensa ya ce, “Malam, wannan ai ba ta cikin gandun, me zai kai ta littafinka?” Yana da gaskiya, kuma na rasa amsa mai ƙarfi. Na yanke cewa za ta shiga a matsayin rataye na shafi ɗaya, tare da gargaɗi a kan Marsh Creek, ba kuma zan bi ta sau uku ba.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya kai rabi, na jingine hawa. Bayan sallar asuba nake zama in mayar da rubutun fensir zuwa kwamfuta. South Gate ya fito gunduwa huɗu, North Gate biyar, Summit huɗu idan aka ƙirga Bango daban. Wahalar da na fi sha ita ce ta kalmomi, musamman bambanta tudu mai tsawo marar tsanani da gajere mai tsanani, waɗanda duka “hawa” muke ce musu. Na zaɓi in kira na farko “ja” na biyu kuma “miƙewa”, na karanta wa abokina ta waya, ya ce ya gane ba tare da na yi masa bayani ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Fita ta farko bayan Salla, kuma jiki ya nuna an kwana biyu ba a hau ba. Na hau ta North Gate na sauka ta South Gate domin in gwada bayanin da na rubuta kamar baƙon da bai san hanyar ba, ina tsayawa a farkon kowace gunduwa in karanta abin da na ce za a tarar, sannan in ci gaba in gani. Tuddan da na sani da launin ƙasa-ƙasa a watan Satumba yanzu kore ne shar, furannin poppy masu ruwan lemo sun rufe gefen hanya, har na ga ya zama dole in ƙara sakin layi a kan yadda wurin yake sauya kama, kada wanda ya karanta bayanin kaka ya zo da bazara ya ɗauka ya ɓata.

Na sami kurakurai biyu. Na rubuta cewa gunduwa ta uku ta North Gate ba ta da inuwa ko kaɗan, alhali akwai 'yan itatuwa a wata kwana da mutum zai iya fakewa. Na biyun ya fi muhimmanci: a bayanin saukar South Gate na sa yankin Rock City a matsayin wurin hutawa saboda kwanciyarsa, amma yau Asabar ce ta bazara, motoci sun cika wuraren ajiyewa, yara suna tsallaka titi a guje daga wannan dutse zuwa wancan, wata mota kuma ta yo baya ba tare da direban ya duba ba. Na soke kalmar hutawa na rubuta cewa a rage gudu sosai, yatsu a kan birki.

Abin da ya rage shi ne bayanin saukar titin Summit, wanda sau biyu kawai na bi shi da idon mai aunawa, da taswirar hannu da ke nuna famfunan ruwa da wuraren raɓewa, da kuma hawa ɗaya a ranar aiki, domin duk abin da na rubuta zuwa yanzu na ranar Asabar ne, kuma ina zaton yawan motoci a ranar Talata zai sa in sassauta wasu gargaɗin. Robar birkin baya ta cinye, sai na canza ta kafin fita ta gaba, wadda na sa ranar 22 ga wata idan an ba ni hutu a wurin aiki.